Batirin salula da batirin sola: kowane da halinshi

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Mai Yara, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, batiri ya zama ɗan gida. Yana cikin salula, yana cikin cocila, yana cikin moto. A gidan mai farantin hasken rana, wanda ake ce ma panno, ga babban batiri nan ajiye a kusurwar ɗaki. Wayar kuran ta NIGELEC ba ta kai yawancin ƙauyukan Nijar ba. Saboda haka wutar da talaka yake amfani da ita, wadda ya tara ce cikin batiri, kamar yadda yake tara hatsi cikin rumbu.

Kukan da ake yi ko'ina iri ɗaya ne. Ana cewa kayan yanzu ba su da ƙarko. A sayi batiri da kaka, kafin wata kaka ya mutu. Akwai gaskiya cikin wannan magana, don jabun kaya sun cika kasuwa. Amma batura da yawa masu kyau ne, riƙo ne ya kashe su. Mai su bai san halinsu ba, wanda ya sayar mashi kuma bai faɗa mashi ba.

Hasarar ba ta tsaya ga kuɗin batiri ba. Salula ta fara yaɗuwa a Nijar a 2001. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda salula ta kai, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake: mai salula yana tambayar farashi kafin ya ɗaura ma jaki kaya. To, manomin da salularshi ta mutu ranar da zai kai wake Sabon Mashi ko Kornaka, ya tafi ido rufe. Haka makiyayin da yake son jin inda ruwa ya sauka. Haka matar da take jiran kira daga mijinta da ya tafi cin rani.

Iri biyu ne, ba ɗaya ba

Batura masu caji da ake gani a karkara iri biyu ne. Na farko shi ne mai dalma da ruwan asid. Shi ne na mota, na moto, da mafi yawan na sola. Nauyinshi kaɗai ya isa a gane shi. Tsoho ne ƙwarai, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859. Na biyu shi ne mai sinadarin litiyom, wanda yake cikin salula. Ba shi da nauyi. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da shi a 1991.

Halinsu ya sha bamban. Mai dalma yana son ya kwana a ƙoshe kullum. Mai litiyom ya fi jin daɗin zama tsaka-tsaki, ba cike fal ba, ba wayam ba. Wanda ya riƙe su da riƙo ɗaya zai cuci ɗayansu. Abu biyu ne suka haɗu a kai: dukansu ba su son zafi, dukansu ba su son a tatse su ƙarƙaf a bar su haka nan.

Pil na rediyo, wanda ake yarwa in ya ƙare, ba ya cikin wannan zance. Ba a yi shi don caji ba. Shanya shi a rana yana ɗan farfaɗo da shi na ɗan lokaci, shi ke nan. Cizon shi da haƙori kuwa hatsari ne.

Batirin salula

Akwai wata magana da ta zagaye kasuwanni. Ana cewa sai batiri ya mutu murus kafin a sa shi caji, in ba haka ba zai lalace. Ana kuma cewa sabuwar salula sai ta kwana bisa caji kafin a kunna ta. Wannan shawara tana da asali. An yi ta ne don batura masu sinadarin nikel, waɗanda aka yi amfani da su kafin litiyom ya yaɗu. Waɗancan batura sun bar salula, amma shawarar ta tsaya. Ga batirin litiyom, cuta ce.

Batirin litiyom yana da ƙidaya. Cikawa ɗaya da ƙarewa ɗaya, zagaye ɗaya ke nan. Rabi yau, rabi gobe, shi ma zagaye ɗaya ne. Yawancin batura na salula suna yin zagaye 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsu ya ragu da wajen kashi 20 cikin 100. Daga nan ba mutuwa yake ba, cikinshi ne yake ƙanƙancewa, kamar salkar da ta tsufa ta daina ɗaukar ruwan da ta saba. Ɗan caji kaɗan-kaɗan ba ya cin wannan ƙidaya da sauri. Tatsewa har ƙasa ita ce take gajiyar da shi. Shi ya sa masana suke cewa a sa caji in wuta ta sauko kashi 20, a cire in ta kai wajen kashi 80.

Sai dai wannan shawara ta mutanen birni ce, masu kuran a bango. Mutumin da sai ranar kasuwa yake samun caji, ko sai ya ba yaro ya kai wani gari, ba za a ce mashi ya cire a kashi 80 ba. Ya cika ta fal, ba laifi. Ɓarnar da cikawa take yi ƙarama ce, kuma salular yanzu tana yanke wuta da kanta in ta cika. Abin da ya kamata ya tsare shi ne ƙarshen. Kada ya bari ta mutu da kanta. In ta kusa, ya kashe ta da hannunshi. In kuwa ta mutu, kada ta yi makonni a haka, don batirin litiyom da ya daɗe wayam yana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Wanda zai ajiye salula wata da watanni, ya bar ta da rabin wuta, a kashe, a wuri mai sanyi.

Akwai wani ɓarawon wuta da mutane ba su lura da shi ba, shi ne rashin rezo. In salula tana nesa da eriya, sai ta ƙara ƙarfi tana nema, kamar mai kiran wanda ya yi nisa cikin daji. Wannan nema yana shan wuta fiye da zama kusa da gari. Makiyayin da ya hau arewa da damina, ya wuce kwarin Tarka ya nufi wajen Bermo ko Gadabeji, yana iya yini inda babu rezo ko kaɗan. Barin salula a kunne a irin wannan wuri zubar da wuta ne a banza. A kashe ta, sai an hau tudun da aka san ana samu a kunna. Hasken fuskar salula ma a rage shi. Kiɗa da kallo da fitilar salula kuwa, kowa ya san abin da suke ci.

Zafi

A nan ne babbar matsalar take. A watan Afrilu da Mayu zafin jihar Maraɗi yana wuce digiri 40 a inuwa. Abin da aka ajiye a rana, ko ƙarƙashin rufin kwano, ya fi haka nesa. Batirin litiyom kuwa ba a so a yi mashi caji in zafinshi ya wuce digiri 45. Caji da kanshi yana ƙara mashi zafi. Cikakken batiri da yake zaune cikin zafi shi ne mai saurin tsufa.

Ga abin da ake yawan gani. Mutum ya sayi ƙaramin panno, ya shimfiɗa shi a rana, ya ɗora salula a gefenshi, ko ma bisa kanshi. Panno ne yake son rana, salula ba ta so. A nemi igiyar wuta mai tsawo, panno a rana, salula a inuwa. Makiyayin da ya ɗaura panno bisa kayan jaki ko raƙumi ya sa salular can ƙasan kaya, inda rana ba ta duka. In babu gaggawa, cajin safe ya fi na azahar.

Kada a yi caji ƙarƙashin matashin kai ko cikin tsumma, don zafin ba ya samun hanyar fita. Kada a yi ta dogon kira salula tana bisa caji. In an taɓa an ji ta yi zafin da hannu yake gudu, a cire ta ta huce.

Batirin da ya kumbura ya gama aiki. Iska ce ta taru a cikinshi. Wasu suna huda shi da allura, wasu suna danne shi da dutse don ya koma cikin salula. Wannan wasa da wuta ne, don batirin litiyom yana kamawa da kanshi in an huda shi. Manyan kamfanoni ma abin yana samunsu: a 2016 kamfanin Samsung ya janye salularshi Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta yana kama wuta. A garin da ɗakuna na kara ne, rumbuna kuma suna jere, tartsatsi ɗaya cikin iskar bazara ya isa.

Wurin mai caji

Sana'ar caji ta taimaki ƙauyuka, kuma masu yin ta da yawa suna kula da kayan mutane. Amma wutar ƙaramin inji tana hawa tana sauka, caja mai arha kuma ba ta iya tace ta. Salula wuta mai bolt 5 take sha ta bakin cajarta. Babban panno da aka rubuta ma bolt 12 yana fidda wajen 18 ko fiye in rana ta take. Wanda ya yanke igiya ya haɗa salula kai tsaye da irin wannan panno, ko da batirin moto, ya ƙona ta. Gara mutum ya tafi da cajar da ta zo tare da salularshi. In batiri ake cirewa a bayar, ya rubuta sunanshi a jiki, don batura sun yi kama, kuma musanya tana faruwa ko ba da nufi ba.

Wanda ya iya karatu ya duba jikin batiri kafin ya saya. Zai ga lamba, a gabanta an rubuta mAh. Wannan shi ne girman cikinshi. Ƙaramar salula mai maɓallai takan zo da wajen 1000, babba mai shafawa 4000 ko 5000. In aka ga ɗan mitsitsin batiri mai arha an rubuta mashi lambar da ta fi ta babbar salula, rubutu ne kawai.

Babban batirin sola

Aikin hasken rana ba baƙo ba ne a Nijar. An kafa ma'aikatar ONERSOL a 1965. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya shugabance ta daga 1969, kuma sunanshi jami'ar Yamai take ɗauke da shi. Panno ya yi arha ƙwarai tun daga wancan zamani, kuma mai kyau yana wuce shekara 20 yana aiki. Batiri ne ragon cikin kayan. Shi ake sake saye, shi ne yake cin kuɗin mai gida.

Ƙa'idar batirin dalma ita ce kada a sha fiye da rabinshi, kuma a mayar mashi da abin da aka sha washegari. In aka tatse shi aka bar shi, wani farin gishiri yana daskarewa bisa farantan dalma da suke ciki. In ya kwana biyu ya taurare, caji ba ya narkar da shi. Wurin da ya rufe ya mutu ke nan. Batirin da ake kallo da shi kowane dare har talabijin ta ɗauke da kanta ba ya daɗewa, ko wane kamfani ya yi shi.

Ga lissafi, kuma ba mai wuya ba ne. A ce an rubuta ma batiri 12 V da 100 Ah. A ninka 12 sau 100, ya ba da 1200. Wannan shi ne dukan abin da yake cikin rumbu. Rabinshi 600, shi ne abin da aka yarda a ɗiba. Kowane kayan wuta yana da lambar da aka rubuta W a gabanta, wato wat. A ninka ta da awowin da yake kunne. Ƙwai uku masu wat 5, awa 5, sun ci 75. Ƙaramar talabijin mai wat 40, awa 4, ta ci 160. Cajin salula 10, a ƙaddara 100. Jimla 335. Har yanzu da sauran hatsi a rumbu. Amma a ƙara fanka mai wat 30 ta kwana awa 10 tana juyi, 300 ke nan, jimla ta koma 635. An wuce iyaka.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Panno mai wat 100, in yana da tsabta, abin da yake mayarwa cikin batiri a yini wajen 400 ne. A ɗebi 635 da dare a mayar da 400 da rana, kullum ana bin batiri bashi. Yunwa ce take kashe shi, mai gida kuma yana zagin ɗan kasuwa. Mutane suna son sayen babban batiri su haɗa da ƙaramin panno, don batirin ne ake gani a ɗaki. Gara a yi akasin haka.

Ƙura ma tana rage abin da panno yake bayarwa. Da hunturu, in hazo ya sauka, a riƙa share fuskarshi da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi. Inuwar reshe ɗaya ko kashin tsuntsu yana rage wuta fiye da yadda ake zato.

Tsakanin panno da batiri akwai wani ƙaramin akwati da ake ce ma regilater. Shi ne makiyayin batiri. In ya cika ya tsayar da wuta, in ya yi ƙasa ya yanke fitilu. Wasu ba su saye, don a rage kuɗi. Wasu suna da shi, amma in ya yanke musu wuta tsakiyar kallo sai su zagaye shi, su maƙala waya kai tsaye bisa kan batiri. Wannan kamar a kori mai gadin rumbu ne don ya hana ɗibar iri. Regilater mai nuna lamba ya fi, don ana karantawa. In batiri ya huta, ba caji ba aiki, 12,7 cike yake, wajen 12,2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa ya shiga wahala.

Zafi yana cin wannan ma. Masu ƙera batura suna lissafi bisa digiri 25. Duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana raba kwanan batirin dalma biyu. Wanda zai yi shekara 4 a digiri 25 zai yi wajen 2 a digiri 35. Ba wanda zai canza zafin Dakoro, amma ɗakin ƙasa ya fi na kwano sanyi. A ajiye shi a inuwa, bisa katako, inda iska take ratsawa, nesa da murhu.

Batirin da yake da marafai a sama yana shan ruwa. A buɗe a duba sau ɗaya a wata, da bazara fiye da haka. Ruwa ya rufe farantan dalma. In ya ragu, ruwa ne ya tashi, asid yana nan, saboda haka tataccen ruwan kwalba da ake sayarwa don batiri shi kaɗai ake ƙarawa. Ƙarin asid ɓarna ne. Ruwan rijiya yana da gishiri da kanwa ko da baki bai ji ba. Kada a leƙa ciki da ashana ko fitilar kananzir, don batiri mai caji yana fidda iska mai kama wuta. In ruwanshi ya fantsama a ido ko a fata, a wanke da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa, sannan a nufi likita.

Tsohon batirin mota da ake saye da arha don sola ba a yi shi don wannan aiki ba. An yi shi ne ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ya tada inji, inji kuma ya cika shi nan take. Farantanshi sirara ne, tatsar dare ba ta barin su. Akwai batirin sola na litiyom da ya shigo kasuwa, wanda yake jure zagaye dubbai, amma tsadarshi ta fi.

A ce batiri ya ci jika 60. In ya mutu cikin shekara 1, jika 5 ke nan kowane wata. In ya kai shekara 3, bai kai jika 2 a wata ba. Bambancin ya isa cefane.

Cocila da fitila masu caji na arha, da yawansu ƙaramin batirin dalma ne a ciki. Shi ya sa wadda aka jefa cikin akwati wayam, bayan wata biyu ba ta tashi. Ita a cike ake ajiye ta. Moton da aka jingine da damina shi ma a riƙa tada shi ana ɗan zagayawa.

In ya mutu

Mataccen batirin dalma yana da kuɗi, masu sayen tsohon ƙarfe suna nemanshi. A ba su shi ɗungum, da ruwanshi, ba a fasa ba. Fasa shi a gida don a cire dalma a narka, shi ne mafi munin abin da za a yi da shi. Dalma guba ce. Ƙurarta tana shiga ƙasar tsakar gida, yara masu rarrafe suna kai ta baki. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa.

A unguwar Caroy, bakin teku kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, mutane sun yi sana'ar fasa tsofaffin batura suna tankaɗe ƙasa don tsintar dalma. Daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008 yara 18 suka mutu. A Zamfara ta Nijeriya, a 2010, gubar dalma ta kashe yara wajen 400. Can daga dutsen zinariya da ake daka a gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Kada a zubar da ruwan batiri kusa da rijiya, ko tabki, ko inda dabbobi suke kiwo. Shanu da awaki suna lasar fasasshen batiri, kuma yana kashe su. Kwankon batiri ba mazubin ruwan kaji ba ne. Ƙananan batura na salula kuma kada a jefa su cikin wuta ko juji inda yara suke tsince-tsince. A tara su cikin tsohon gwangwani da yashi a ciki, a rufe, a ajiye nesa da ɗakin kwana da rumbu, har ranar da za a shiga Dakoro ko Maraɗi a miƙa ma masu gyaran salula.